Jawabi a taron ƙungiyar Hausawa mazauna Marwa: abin da na gano a Jenne, Maraɗi da Kigali

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu mata, dattawa da samari, waɗanda suka taso daga Mora da Mokolo da Yagwa, da baƙinmu na Kusiri da suka sha hanya, sannunku da zuwa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba ya ce tunda fataucin fata da ƙaro ya kai ni wurare, in tashi in faɗi abin da na gano na yadda mutane ke cin moriyar ƙasarsu ba tare da sun ƙarar da ita ba. Na ce masa a zauren nan akwai jikokin waɗanda suka tako da ƙafa daga Kano da Damagaram, suka bi ta Abeshe har Sawakin don sauke farali, ni mai hawa jirgi me zan faɗa a gabansu? Ya ce in dai faɗa. To, bismillah.

A Jenne ta ƙasar Mali akwai babban masallacin laka da kowa ya san hotonsa. Wanda ke tsaye yanzu an gina shi a 1907. Lakar irin tamu ce, damina na cin ta kamar yadda take cin katangar kowa. Amma duk shekara dattawan garin suna sa rana. A kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayin shinkafa a bar ta ta tsumu, 'yan mata su ɗebo ruwa, samari su kwaso laka cikin kwanduna a guje, unguwa na gasa da unguwa, magina su haye kan azarar giginya da aka kafe a jikin bango tun asali don wannan aikin. Kafin rana ta yi tsaka an gama yaɓe. Maginan garin suna da ƙungiyarsu da shugabansu, kowane gida ya san maginin da ya gada. Mai yawon buɗe ido ya ɗauki hoton bango ya tafi. Ni ranar nan da ake sawa ita ta tsaya mini a rai, da kuma mutanen da in sun sa ta ba mai tsallakewa. Da a ce shekara biyar za su yi ba su sa ta ba, da tuni masallacin ya fara komawa tudun ƙasa.

Mu fa a nan? Gidan ƙasa ya zama abin kunya. Da mutum ya ɗan samu, sai bulon siminti da rufin kwano ƙasa-ƙasa. Maris da Afrilu su zo, zafin Marwa ya haura digiri 40, ɗakin ya koma tanderu, a kwashe tabarmi a fito tsakar gida ana jiran wuta ta dawo. Ga ɗakunan ƙabilar Musgun a wajen Pus da Maga, dogaye masu tsini, laka zalla ba itace ko ɗaya, masu ƙofar iska a can ƙololuwa, Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo kallo, mu muna wucewa a mota. Wani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa da aka matse da ɗan siminti, ya ɗage kwanon sama nesa da silin don iska ta ratsa. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a fannin zanen gine-gine, shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta. Na san abin da mutanen Yagwa da Kusiri za su ce mini, kuma suna da gaskiya: a ambaliyar 2022 da ta 2024 gidajen ƙasa ne suka fara zubewa. Shi ya sa ba na cewa a koma yadda ake da. Tushe ya zama na dutse da siminti, a ɗaga shi sama, a daina gini a hanyar ruwa, sannan bango ya zama na ƙasa.

Yanzu bari in kai ku gida, don da yawanmu a nan 'yan Nijar ne. Wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Damagaram bayan yunwar 1984 ya san gona ake gani fetal, sai rairayi da iska. Manomi na share gonarsa ƙarƙaf, duk tohon da ya fito daga kututture a sare shi a ƙone. Kada a ce jahilci ne. A lokacin itace na gwamnati ne, in ya girma a gonarka ma'aikatan gandun daji ke da iko da shi, ka sari reshe a ci ka tara. Wa zai raini abin da zai zame masa ƙaya? Gwamnati da ƙungiyoyi sun yi ta dasa itatuwa, akasari suna mutuwa. Wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan nan da saiwarsu suna raye a ƙarƙashin ƙasa, ba sa bukatar dashe ko ban ruwa. Ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage sauran, ka kare su daga awaki. Dabarar ba baƙuwa ba ce, kakanninmu sun san gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, ya yi wa ƙasa taki, da rani ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. Amma abin bai yaɗu ba sai da aka sassauta doka, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ƙauyuka kuma suka kafa kwamitocin tsaro masu kama ɓarawon itace. Yau masu bincike suna ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. Na tsaya a gonakin wajen Agye na ga mata na tsintar makamashi a bakin gona, abin da a da sai sun yini a daji.

A Oman ma na ga irin haka. Magudanan ruwansu na gargajiya, waɗanda UNESCO ta sa biyar daga ciki a jerin kayan tarihi a 2006, har yau suna shayar da dabino, domin kowace magudana tana da wakili mai raba lokacin ruwa, kowa ya san sa'arsa.

Ku kwatanta da abin da ya faru a bayan gidanmu. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa. Shinkafa ta samu, amma ambaliyar Logon da ke shimfiɗuwa a fadamun Waza duk shekara ta ragu ƙwarai, ciyawa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya da masunta suka watse. Sai a 1994 aka buɗe wata hanya aka mai da wani ɓangare na ruwan. Da an zauna da Kotoko da Musgun da Fulani da Larabawan Shuwa tun farko, su da suka san ranar da ruwa ke zuwa da ranar da yake janyewa, da an rage asara. Mutanen ƙasar nan da muke baƙunta suna da ilmi. Dubi masakwa, dawar rani da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe danshi, bayan ɗaukewar ruwa, a girbe ta cikin sanyi ba a ba ta ko guga ɗaya ba. Dubi matakalan dutse da ƙabilar Mafa suka jera a jikin duwatsun Mandara don riƙe ƙasa da ruwa. Muna sayen hatsinsu a kasuwa, nawa ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambaye su yadda ake yi?

Sai maganar leda, iyayenmu mata a yi haƙuri da ni. Ruwanda ta hana ta a 2008. A Kigali tun daga filin jirgi ake raba ka da ita, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata da safe shaguna a rufe suke, motoci ba sa yawo, kowa ya fito aikin unguwa. Na tsaya ina kallo na ce wannan ai gayya ce, sai dai su sun sa mata rana a kalanda. Kamaru ma ta hana leda marar kauri tun 2014. Ku leƙa Mayo Kaliyawo, rafin da ya ratsa Marwa, da rani ku gaya mini ko an hana. Mahautanmu na nan zaune, su faɗa muku abin da suke cirowa daga tumbin akuya. Takarda ita kaɗai ba ta share gari. Doka kuma in ta zo ba madadi, talaka take ci: da Chadi ta hana gawayi a 2009, niyyar kare itatuwa mai kyau ce, amma matan Injamena sun sha wuya kafin gas ya isa hannun mai ƙaramin ƙarfi.

Ranka ya daɗe, duk inda na ga al'ada ta rayu har ta ciyar da mutane, na tarar da rana da aka sa, da mutumin da aka ɗora wa alhaki, da amfanin da mai wahalar ya san zai shiga hannunsa. Mu Hausawa mun iya yabon abin da, a wajen biki ko a rediyo. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to hannu goma ma ba sa ɗauka in ba wanda ya kira su ya ce gobe da hantsi. Ƙungiya irin tamu aikinta ke nan.

Ga abin da nake roƙo. Azuzuwa biyun da za mu ƙara a Islamiyyarmu, kafin a sayi bulo ko ɗaya, a tura maginanmu biyu su ga yadda ake matsa bulon ƙasa, su kawo mana lissafin kuɗin iri biyun mu gani da idonmu. In na ƙasa ya fi tsada, na janye maganata. Filin maƙabarta da na idi kuma, kada mu sake yin dashen da ake ɗaukar hoto a watse. Darbejiyar da ke yi wa titunan Marwa inuwa yau ta rayu ne don an samu masu ba ta ruwa lokacin tana ƙarama. A raba itatuwan gida-gida, a rubuta sunan mai kowane itace a littafin sakatare, wanda nasa ya kai shekara biyu a raye a yafe masa kuɗin wata uku. Duk kututturen gawo ko aduwa ko magarya da ya yi toho a filin, a bar shi.

Na ukun yana hannun iyayenmu mata, don in ba su yarda ba ba zai yiwu ba: abincin suna da na biki na 'yan ƙungiya ya koma kwano da faranti, a daina ƙulla shi a leda. Ƙungiya ta sayi kwanukan, a ajiye wurin shugabar mata, mai hidima ya ara ya wanke ya mayar. Ni na ɗauki nauyin dozin biyar na farko, ma'aji ya rubuta.

Shugaba, ina neman a sa waɗannan a ƙuri'a yau kafin a tashi sallar La'asar, a kuma faɗi sunan wanda zai riƙe kowanne. Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.