Jawabin maraba ga Mai girma Ministan Ilimi Mai Zurfi, daga bakin gardawan jami'a a Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Damagaram, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamanin Sarki, shugaban jami'a da shugabannin tsangayoyi, iyayenmu malamai, ƴan uwana ɗalibai.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, barka da hanya. Duk wanda ya taɓa bin titin Yamai zuwa nan, kilomita wajen 900, ta Dosso da Konni da Maraɗi da Tasawa, ya san "sannu da gajiya" ba gaisuwar baki ba ce kawai. Ka sauka a birnin Tanimun, garin da ya riƙe fadar mulkin Nijar har 1926 kafin a mayar da ita Yamai. Ba mu riƙe abin a zuci ba, muna dai tuna wa baƙin da suka fito daga can ne.

Jami'ar da kake zaune a cikinta yarinya ce, a 2010 aka kafa ta tare da ta Maraɗi da ta Tawa, bayan shekaru da dama Jami'ar Abdou Moumouni ita kaɗai ce ta gwamnati. Tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan, wanda ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 ya kuma jagoranci Babban Taron Ƙasa na 1991.

An wakilta ni in yi magana da yawun wasu mutane da ba kasafai ake jin muryarsu a irin wannan zama ba: ɗaliban mastar da doktora waɗanda ake damƙa wa aji. Tun da ƙasashen yankinmu suka rungumi tsarin LMD, wato lisansi, mastar da doktora, lisansi shekara 3 ce, zango 6, kiredi 180. Babban malami yakan ba da darasi a amfi, wato babban zauren lacca, sai a rarraba ɗalibai rukuni-rukuni don TD da TP, inda ake warware aikin gwaji, a taɓa kayan aiki da hannu. A nan ne galibi ɗalibi ke gane abin da ya ji a amfi, ko ya ƙara ɓata. To, mu ne a waɗannan ɗakunan. Da safe muna gaban tablo da alli, da yamma muna gaban namu malamin yana yi wa babin da muka rubuta ado da jan biro.

A tsakaninmu mukan kira kanmu gardawan jami'a, kuma ba wasa kaɗai ba ne. Ka zaga Birni ko Zango da asuba za ka ga abin da nake nufi. A makarantar allo gardi ne ke biya wa kolo da titibiri karatu, shi ma yana nasa. Sai dai malam ba ya nisa. Yana kan buzunsa, kunnensa na wajen, in gardi ya karkace a wasali ɗaya zai ji "maimaita!" daga can gefe. Kakanninmu sun san cewa iya karatu daban, iya karantarwa daban, shi ya sa ba su taɓa sakin gardi shi kaɗai da yara ba.

Ni da kaina na ɗanɗana. Karon farko da aka ba ni kwafin jarrabawa in gyara, sun haura 200. Na fara da la'asar da zafina, ina yanka maki kamar mahauci. Bayan isha'i, ciki ya ɗauka, gajiya ta sauko, sai hannuna ya yi laushi. Ranar da aka raba, ɗalibai biyu suka tsaya a gabana da amsa iri ɗaya sak, ɗaya yana da 8 bisa 20, ɗayan 13. Ba su yi mini rashin kunya ba, shirun da suka yi ne ya fi ciwo. Wani dattijon malami, yana cikin ɗakin nan amma ba zan kunyata shi da kiran suna ba, ya zaunar da ni ya ce: kada ka buɗe kwafin farko sai ka rubuta ma'aunin makinka a takarda, ka san kowace amsa nawa ta cancanta, ka gyara tambaya ɗaya a dukkan kwafin kafin ka wuce ta biyu, in ka ji barci ka ajiye biro. Minti 15 ya ɗauke shi. Da na ji wannan mako guda kafin nan, da yaran nan ba su sha zaluncina ba.

Irin waɗannan ƙananan dabaru ne muke miƙa wa junanmu yanzu a zaman da mukan yi. Kada ka cinye awa 2 kana shifta suna rubutu, hannu ne ke aiki a nan, kai yana hutu. In ka yi tambaya ka iya yin shiru, ka ƙirga har goma a zuci, domin sabon malami tsoron shiru yake yi, sai ya amsa wa kansa. Ka shirya darasin da zai tafi ko wuta ta ɗauke. Abin da ba ka sani ba ka ce za ka bincika, kuma ka dawo da amsar.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Muna koyarwa da Faransanci, amma yaron da ya zo daga Magarya ko Gure ko Tanut da Hausa yake tunani, ko Barbarci, ko Fillanci, ko Buzanci. Sau nawa na ga aji ya yi tsit, na faɗi jimla ɗaya da Hausa, kawuna suka fara gyaɗawa! Da can a ɓoye muke yin haka, kamar masu laifi. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, muna son a faɗa mana a fili inda iyakar take, tunda jarrabawa dai da Faransanci za a rubuta ta.

Sai abin da ba a koyarwa a kowane littafi. Shekarunmu da na ɗalibanmu ba su da nisa, wani ma unguwarku ɗaya, uwarsa ta goya ka. Za a zo har gida a ce "a duba yaron nan". Gardin da ba shi da babba a bayansa, da wuya ya iya cewa a'a. Haka zancen ɗalibai mata: ƙa'idarmu ita ce ganawa a ofis, ƙofa a buɗe, saƙo kuma ta rukunin WhatsApp na aji, ba tsakar dare ba.

Ranka ya daɗe, baƙo ba ya zuwa a bar shi ya tafi bai ji koke ba. Muna roƙon a tsara horo na ƴan kwanaki a farkon kowace shekara ga duk wanda za a ba wa aji karon farko. Muna roƙon kowane gardi a haɗa shi da babban malami da zai shigo ya zauna a bencin baya, ko sau biyu ne a zango, sannan a lissafa wa malamin wannan cikin awowinsa, kada ya zama sadaka. A kuma sa wa awowin da ake ba mu iyaka, saboda kundin bincikenmu yana jira, kuma daga cikinmu ne gobe za a samu masu kai takardunsu CAMES a Wagadugu, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a.

Mun rubuta waɗannan a takarda, ga ta cikin jakar fata aikin dukawan garin nan, tare da alkaki na iyalin gida. In lokaci ya ba ka dama bayan an tashi, akwai TD da za a fara a ɗakin da ke kusa da nan, wata ƴar uwarmu ce za ta jagoranta, mun bar maka wuri a bencin baya.

Allah ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.