Me ya sa rubutun ledar fiya wata ke dagulewa?

Ku ɗauki ledar fiya wata biyu ku duba. Ɗaya lambar NAFDAC ɗinta tar take. Ɗayar kuwa haruffan sun kumbura, ga wani zoben tawada a gefensu. Duka biyun injin fileso, wato injin buga rubutu a jikin leda, ne ya buga su, irin wanda ke aiki a masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano.

Wannan zoben, matsi ne ya kawo shi. Farantin fileso roba ce mai laushi, rubutun a tashe yake kamar hatimi, taɓa leda kawai ake so ya yi. To amma da launi ya fara kodewa, sai mai inji ya ƙara matsi. Launi ba zai dawo ba, sai dai ɗigogin tawada su baje, cikin haruffa ya toshe.

In launi ya kode, rolar anilos, wadda ke shafa wa faranti tawada, ya kamata a fara dubawa. Jikinta cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ke auna tawadar da za ta hau faranti, reza kuma ta share ragowar. Idan tawada ta bushe a ramukan, kaɗan za su ɗauko. Shi ya sa da an tsayar da inji, ko an ɗauke wuta, wanki ne na farko, ba hira ba. Kuma don Allah kar a kankare ta da ƙarfe, rolar nan ba arha gare ta ba.

Sai kaurin tawada. A zafin Kano na Maris da Afrilu, sinadarin da ke tsarma ta gudu yake yi. Kar a auna da ido. A tsoma kofin Zahn, wato ɗan kofin awo mai huda a ƙasa, a ƙirga daƙiƙun da zai tsiyaye, a riƙe adadin har a gama aiki, bokiti kuma a rufe. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: ƙwaya ɗaya a kan faranti za ta maimaita tabo a duk zagayen da farantin ya yi.

Idan kuma tawada na goguwa, ku tuhumi ledar. Sai an gasa fuskarta da wutar korona, wato tartsatsin lantarki, ta kai dayin 38 ko sama (dayin shi ne ma'aunin yadda fuskar leda ke karɓar tawada) sannan take riƙe tawada. Ku manna salatif a kan rubutun, ku fizge. In ya taho da launi, a tsayar da inji.