Gawayi a Rufaffen Ɗaki: Lacca kan Iskar da Muke Shaƙa

Wani ma'aikacin jinya ne ya yi wannan lacca a Mai Wurno, jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, bayan la'asar a farkon sanyi. Daga rikodin waya aka rubuto ta.

Assalamu alaikum. Iyayena maza, da iyayena mata da ke can baya, ina fata murya tana isowa.

Mu nan mun san azumi a zafin Sudan, mutum ya wuni ba ci ba sha ya kai magariba lafiya. Amma wa ya taɓa azumin numfashi? In ƙwaƙwalwa ta yi minti huɗu zuwa shida ba oksijin, ta fara lalacewa ke nan. Kuma iskar nan da muke ja, kashi 21 cikin ɗari ne kaɗai oksijin. Kashi 78 naitirojin ne, shi kam shiga yake ya fito.

Huhu ne ke miƙa wa jini oksijin ɗin. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani abu, himogulobin. Ku ɗauke shi kamar karo, amalanken jakin nan da ke kawo mana ruwa daga bakin kogi: kowane ɗaya jarka huɗu yake ɗauka, ya sauke a gida, ya koma. 'Yar na'urar nan da muke maƙala muku a yatsa, cikar jarkokin take aunawa. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. In ta sauka ƙasa da 90, hankalinmu ya tashi.

To ga abin da ya tara mu. Sanyi ya shigo, za a shigar da kasko ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ɗora jabana, wato gahawarmu, a kwanta. Gawayin da ke ci inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba, kabon monoksaid. Ba wari, ba launi, ba ta sa tari. Kuma riƙon da take yi wa himogulobin ya fi na oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Karo na ta kai da kawowa, amma abin da ke cikin jarka ba ruwa ba ne. Abin haushi, ko na'urar yatsar ma ruɗarta take yi, sai ta nuna 98 alhali mutum na hanyar mutuwa.

Da safe a tashi gida guda da ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Wani ya ce maleriya ce, wata ta ce iska ce ta taɓa su. Hajiya, gaskiyarki, iska ce, amma ba irin wadda ake yi wa ruƙiyya ba. (Dariya.) Alamar ita ce kowa ya kamu lokaci guda, kuma da an fito tsakar gida sai a ji sauƙi.

Iyayena mata, ku gafarce ni, zan taɓa dukhan, turaren hayaƙin nan da kuke yi a kan rami. Ban ce a bari ba, ni ma ina so in koma gida lafiya. Amma ramin ya zama inda iska ke wucewa, kada a yi shi jariri na kwance a ɗakin. Mai juna biyu kuwa ta haƙura, don jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe gubar nan. Janareta ma haka, waje, nesa da taga.

Wani daga baya ya tambaya: in an tarar da mutum ya suma fa, a ba shi nono?

A'a, Baba. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, shaƙewa zai yi. A fito da shi fili, a kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibiti ko da ya farfaɗo. Da iskar waje, jini kan ɗauki wajen awa biyar kafin rabin gubar ta fita. Da oksijin na asibiti ba ya kai awa ɗaya da rabi. Wanda zai shiga ɗauko shi kuma, ya fara buɗe ƙofa da taga tukuna.