Amsoshin Tambayoyinku: Yi wa Adaidaita Sahu Sabon Daɓe

Masu sauraro, assalamu alaikum. Takardar farko a filinmu na yau ta fito ne daga wani matuƙin Adaidaita Sahu a unguwar Kurna da ke Kano. Ya ce daɓen kekensa ƙirar Bajaj ya yi tsatsa har ya ɓule a daidai inda fasinjoji ke ɗora ƙafa, kuma yana tambaya ko zai iya yanka katako da kansa ya shimfiɗa a wurin, domin kuɗin da masu walda suka nema ya fi ƙarfinsa.

To Malam, abin da ya kamata ka fara sani shi ne, a irin waɗannan kekuna da ake ƙerawa a Indiya, wato Bajaj RE da TVS King, daɓen haɗe yake da gangar jikin keken, kuma yana daga cikin abubuwan da ke riƙe gaba da baya idan an faɗa rami ko an taka birki da ƙarfi. Dalili ke nan da za ka ga an matse ƙarfen da tudu da kwari, saboda hakan yana ƙara masa tauri ba tare da an ƙara masa nauyi ba. Katako zai rufe maka ramin, amma ba zai ɗauki wannan aiki ba, kuma idan ka rufe ruɓaɓɓen ƙarfe da shi, tsatsar za ta ci gaba da ci a inda idonka ba ya gani. Keken nan mutum uku aka yi shi ya ɗauka ban da matuƙi, amma tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, kowa ya san irin lodin mutane da buhunan da ake ɗora masa, kuma a kan daɓen nan nauyin yake sauka.

Duk da haka, akwai aiki mai yawa da za ka iya yi da hannunka wanda zai rage maka kuɗi. Ka ɗage tabarmar roba, ka kankare wurin da buroshin ƙarfe, sannan ka bi shi kana dannawa da bakin sukudireba. Duk inda ya lotsa, ƙarfen wurin ya mutu ko da bai ɓule ba tukuna. Daga nan ka leƙa ƙasa ka duba ƙarafunan da suka tallafi daɓen. Idan suna nan da ƙarfinsu, faci ya wadatar. Ka ɗora kwali ka zana siffar wurin, ka bar rarar kamar santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe domin facin ya hau kan lafiyayyen ƙarfe, sai ka tafi da kwalin kasuwar Ƙofar Ruwa a yanka maka falankin ƙarfe daidai da shi.

Kauri na milimita 1.2 zuwa 1.5 ya isa, kuma ina roƙonka kada ka yarda da masu cewa mafi kauri shi ne mafi alheri. Falanki mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, idan kaurinsa milimita 1.5 ne, nauyinsa bai kai kilo 12 ba, amma mai milimita 3 ya haura kilo 23, kuma injin da girmansa bai wuce kimanin cc 200 ba shi zai riƙa jan wannan ƙari kullum, da man da ka saya da kuɗinka.

Waldar kuwa, ka bar wa mai sana'ar, amma ka tsaya a kansa. Da yake injin yana baya ne, wayoyin kuloci da giya da totur, tare da bututun man birki, duk ta ƙarƙashin daɓen suke bi, kuma zafin walda yana iya lalata su ba tare da an lura ba sai an hau titi. A kawar da su gefe, a cire kan batir, a kare tankin mai da tiyonsa daga tartsatsi. A riƙa ɗiga waldar nan da can ana barin ƙarfen yana hucewa, domin siririn falanki yana lanƙwashewa idan aka ja masa wuta a tafi ɗaya. Bayan an gama, a shafa jan fentin da ke hana tsatsa sama da ƙasa kafin a yi fenti na biyu.

Katako yana da wurinsa, amma a matsayin shimfiɗa a kan lafiyayyen daɓe. Idan kana ɗaukar kaya, fulawud mai kaurin milimita 12 zai kare ƙarfen daga lotsawa, muddin ka shafe shi da fenti har gefunansa, ka ɗaure shi da noti da wosha yadda za ka iya cire shi. Kada ko kusa ya kai gindin birkin ƙafa, domin abin da zai tokare birki ya fi ramin da ke daɓe haɗari.

Takarda ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Tudun Wada ta Kaduna, wadda ke da keke tana bayarwa ana kawo mata balas. An ba ta shawara a kasuwar Panteka ta sa falankin alminiyam mai ƙuraje, kuma tana son jin ra'ayinmu. Hajiya, alminiyam yana da kyau wajen rashin nauyi, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe yake da shi, kuma ƙurajen suna rage santsi. Sai dai walda ba ta haɗa shi da ƙarfe, dole sai da noti, kuma idan ya zauna kai tsaye a kan ƙarfe ga danshi a tsakani, yakan riƙa cinyewa yana yin farin gari. A sa fenti ko siririyar roba a tsakaninsu. Sannan ki umarci direbanki ya riƙa ɗage shimfiɗar bayan wanki da kuma duk ranar da aka yi ruwa, ya tsane wurin, ya zurkuɗe ƙananan ramukan da aka bari don fitar ruwa, domin ruwan da ke kwana a ƙarƙashin tabarmar roba shi ne yake fara cin daɓen tun keken yana sabo.