Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Modigliani, mai zana mutane da dogon wuya?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Tambayar farko ta fito ne daga wata mai sauraronmu a Maraɗi. Ta ce ta ga wani zane a intanet, mace mai dogon wuya, idanunta babu ƙwayar baƙi, ga sunan Modigliani a jiki. Tana son sanin ko wane ne shi, kuma me ya sa yake zana mutane haka.

To Malama, Amedeo Modigliani ɗan Italiya ne. An haife shi a 1884 a Livorno, wani garin bakin teku, a gidan Yahudawa da karayar arziki ta taɓa. Tun yana matashi tarin fuka ya kama shi, bai rabu da shi ba har kabari. A 1906 ya koma Paris.

Amsar tambayarki tana wajen sassaƙa, domin can zuciyarsa take. A 1909 ya haɗu da masassaƙin Romaniya, Constantin Brancusi, sai Modigliani ya ɗauki guduma da kurfi ya dinga fitar da kawunan mutane daga farin dutse: doguwar fuska, siririn hanci, ɗan ƙaramin baki. Bakwai daga cikinsu ya nuna a babban baje kolin Paris na 1912. A lokacin, fuskokin itace da masassaƙan Afirka suka yi, irin na ƙabilar Baule a Kwaddibuwa, sun cika gidajen tarihi da shagunan birnin, kuma Paul Guillaume, wanda daga baya ya zama dillalinsa, har cinikinsu yake yi. Modigliani ya ɗebi siffa daga nan sosai. Abin da ke damuna shi ne, sunansa ya zagaya duniya, su kuwa masassaƙan da ya koya daga aikinsu ko sunayensu ba a rubuta ba.

Wajen 1914 ya ajiye guduma. Ƙurar dutse tana cin huhunsa, dutsen yana da tsada, ga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Da ya koma fenti sai hannunsa ya ci gaba da bin layin sassaƙa, shi ya sa kika ga wuya ya miƙe, idanu kuma fayau kamar na mutum-mutumi.

Sau ɗaya tak aka baje kolin aikinsa shi kaɗai yana raye, a 1917, ranar buɗewa kuma 'yan sanda suka sa aka sauke zanen mata tsirara da ke ciki. Talauci da shan giya suka ƙara kassara shi. Ya rasu ranar 24 ga Janairu, 1920, yana da shekara 35. Kafin a binne shi, abokiyar zamansa Jeanne Hébuterne, da tsohon ciki, ta kashe kanta.

A 2015 aka sayar da ɗaya daga cikin zane-zanensa na mata tsirara a New York kan dala miliyan 170.

Sai tambaya ta gaba.