Ciwon Lufus da Hoton Sikanin: Abin da Hoton Ƙashi Ba Ya Nunawa

Wannan lacca ce da wata likitar cututtukan gaɓoɓi ta gabatar wa ma'aikatan lafiya na karkara, ungozomomi da masu unguwanni a garin Ringim, jihar Jigawa. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an ɗan rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe wakilin hakimi, iyayenmu masu unguwanni, iyaye mata ungozomomi, da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya da suka baro ƙauyukansu tun da sassafe, sannunku da zuwa. Zan yi magana ne a kan cutar da mafi yawanku ba ku taɓa rubuta sunanta a katin mara lafiya ba, amma ina da yaƙinin ta sha ratsawa ta hannunku. Sunanta lufus.

Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa jikin da aka halicce ta domin ta kare shi. Ba a ɗaukar ta a jikin wani, ba sammu ba ce, ba jifa ba ce. A cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, kuma ta fi tashi a shekarun haihuwa, tsakanin 15 da 45. An daɗe da lura a Amurka da Ingila cewa ta fi yawa, ta kuma fi tsanani, ga baƙar fata. Tana taɓa fata da gashi da jini da ƙoda da huhu, har ƙwaƙwalwa. Amma gaɓoɓi su ne ƙofar da ta fi shigowa ta nan, domin mafi yawan masu ita sai sun yi fama da ciwon gaɓa.

Kun san irin matar da nake nufi. Shekarunta ashirin da 'yan kai, haihuwarta biyu. Ta ce da asuba hannayenta riƙewa suke yi, ba ta iya damƙe taɓarya, ko ɗaurin zani sai da taimako, sai hantsi ya ɗaga sannan su saki. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, an yi maganin maleriya, an yi na taifot, shiru. Gashi na zuba, cikin baki na fashewa, in ta yini a rana kumatu da karan hanci su yi duhu. A gida an ce sanyi ne, an sha jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi ƙaho. Daga ƙarshe aka haɗa kuɗi aka kai ta hoton ƙashi, takarda ta dawo cewa ƙashi lafiya lau.

To, daga nan wahalarta ke ninkawa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Maigida ya ce ya kashe kuɗinsa an ce ba komai. Uwar miji ta ce son jiki ne. Ita kanta sai ta fara shakkar kanta, ta daina faɗa. Jama'a, hoton bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ƙarya ba. Hoton ƙashi, ƙashi yake gani. Lufus kuwa galibi ba ta cin ƙashi, saɓanin amosanin gaɓoɓi na rumatoyid da ke ɓarke bakin ƙashi. Lufus aikinta yana jikin tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, da kuma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Waɗannan nama ne mai laushi, hoton ƙashi ratsa su yake yi ya wuce.

Sikanin shi ke ganinsu. I, wannan dai na'urar da kuke tura masu ciki, wadda Ian Donald da abokan aikinsa suka fito da amfaninta a birnin Gilasgo a 1958. Tana aika wani sauti da kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, ta mayar da shi hoto. Ruwa yakan fito baƙi, fuskar ƙashi ta fito farin layi. Babu tururin da ke cikin hoton ƙashi, saboda haka ko mai ciki ana yi mata, a kuma maimaita ba fargaba. Sai dai ku riƙe wannan: kan na'urar da ake ɗorawa a ciki mai lanƙwasa ne, saurin kaɗawar sautinsa, wanda ake aunawa da megahaz, 3 ne zuwa 5, an yi shi don ya nutsa can ƙasa. Na gaɓoɓi miƙaƙƙe ne, daga megahaz 10 zuwa 18, ba ya nisa amma yana nuna abu ƙanƙani. Wanda ya ɗora na ciki a kan yatsa ba zai ga abin kirki ba. Don haka ba kowane shagon sikanin za ku tura mace ba.

Idan na zaunar da ita, nakan sa ta ɗora hannu a kan tebur, in shafa mai, in fara da wuyan hannu, sannan gaɓoɓin gindin yatsu, musamman na manuniya da na tsakiya, domin nan cutar ta fi zama. Ina duba ko tantanin ya yi kauri, ko ruwa ya taru. Sai in kunna abin da ake kira Dofla, wanda ke nuna gudun jini da launi. Tantani mai lafiya kusan ba ya nuna launi. In kuwa na ga ja yana walƙiya a cikinsa, alama ce cewa kumburin yana ci yanzu, ba tabon tsohon ciwo ba ne.

Jijiyar yatsa kuma tana tafiya ne a cikin wani kube nata, kamar mazagi a cikin ƙubakar wando. Lafiyayya, sulɓi take yi. In kuben ya kumbura ya tara ruwa, sai ta riƙa cijewa, shi ya sa matar ke cewa yatsa ya maƙale. A allo za ka ga baƙin zobe ya kewaye jijiyar. Nakan ce, “Baiwar Allah, lanƙwasa yatsan,” ina kallo jijiyar na motsi, in ga daidai inda take tsayawa. Sannan in juya mata allon ita da mijinta. Wallahi na ga mazan da fuskarsu ta canza a wurin nan. Wannan kaɗai magani ne a gidan.

Wani zai ce, likita, ai hannu ma yana jin kumburi. Yana ji, in ya yi yawa. Amma a lufus sau da yawa gaɓa na ciwo ba tare da kumburin da ido ko yatsa zai kama ba. Likitocin Lids a Ingila sun jagoranci wani bincike da aka buga a 2021, a kan masu lufus 133 masu ciwon gaɓoɓi. An yi wa kowa sikanin, aka yi musu allurar sitiroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburi, aka bi su. Da aka ware masu ciwon jiki na gaba ɗaya wanda ba na kumburi ba, sai aka ga waɗanda sikanin ya nuna kumburi a gaɓoɓinsu sun fi samun sauƙi.

Amfanin wannan ta fuska biyu ne, kuma ta biyun ta fi damuna a ƙasarmu. In akwai kumburi, a ƙarfafa magani kafin gaɓa ta lalace. In babu, a daina ƙara sitiroyid. Ba kowane ciwo a jikin mai lufus ne lufus ke kawowa ba. Ku kun fi ni sanin yadda firednisolon da deksametason, waɗanda duk sitiroyid ne, suke a kemis ɗin ƙauye, ana ƙirga su a leda ba takardar likita, har 'yan mata na shan su don ƙiba da sunan sha-ka-fashe. Mai lufus in ta sha, cikin kwana biyu ta ji garau, sai ta maishe shi abinci. Bayan watanni ga fuska ta kumbura, ga hawan jini, ga ciwon suga, ƙashi ya yi rauni. Sitiroyid magani ne mai ceton rai a wannan cuta, ni ma ina rubuta shi, amma da awo, da ranar ragewa. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ku ce ta yanke shi rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, a hankali ake saukowa. Ginshiƙin maganin shi ne haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, ana shan sa shekara da shekaru tare da duba ido lokaci-lokaci.

Jijiya tana iya tsinkewa. Ba kullum ba ne, amma yana faruwa, musamman agara da jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa, ga wadda ta daɗe a kan sitiroyid. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta dangin sifuro, waɗanda ake rabawa kamar gyaɗa da sunan taifot, suna ƙara wannan haɗarin. Mace ta ce ta ji kamar an jefe ta a bayan dunduniya, ta kasa ɗage diddige, to ba targaɗe ba ne. Sikanin zai nuna giɓin nan take, kuma aikin likitan ƙashi ne, irin na asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Akwai kuma hannun da yatsunsa suka karkace suka nufi wajen ɗan ƙaramin yatsa. Wani likita a Faris mai suna Jaccoud ne ya bayyana irinsa a 1869. In ka kama yatsun ka miƙar sai su miƙe, ka saki su koma, domin jijiyoyi ne suka saki, ƙashin bai ci ba. Kaɗan daga masu lufus kuma suna haɗa ta da rumatoyid, su nasu ƙashin yana ɓarkewa, kuma sikanin kan riga hoton ƙashi ganin ƙananan ramukan. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kada kuma in sa ku ɗauki na'urar nan ta wuce matsayinta. Ba ta ganin cikin ƙashi. Mai lufus da ta zo da ciwon ƙugu tana ɗingishi, muna tsoron kan ƙashin cinya ne ya mutu saboda yankewar jini, irin wanda kuke gani a masu sikila. Wannan MRI, wani babban hoto da ke ganin har cikin ƙashi, shi ke kama shi da wuri. Haka nan sikanin ba ya cewa wance lufus gare ta. Wannan hukuncin likita ne, bayan ya ji labari, ya duba jiki, ya yi gwajin jini irin su ANA, mai neman alamar garkuwar da ta juya wa jiki. Kuma hoton ya dogara da hannun mai ɗauka: in ya danna da ƙarfi sai ya matse ƙananan hanyoyin jinin, launin ya ɓace, ya rubuta lafiya. Roƙona ga hukumomi ke nan, ranka ya daɗe, idan za a sayo na'ura a haɗa da miƙaƙƙen kai, a kuma tura ma'aikaci ya koyo.

Ku kuwa abin da ke hannunku ya fi na'urar muhimmanci. Gaɓa ba ta cika kashe mai lufus ba, ƙoda ce ke kashewa, kuma a ɓoye take farawa. Duk matashiyar da ta zo da riƙewar hannu ta asuba da ta kai rabin awa, a gaɓa biyu ko fiye, ku tsoma tsinken gwaji a fitsarinta, ku auna jininta. In kun ga furotin a fitsarin, alamar ƙoda ta taɓu, ko ƙafa ta kumbura, ku hana ta maganin ciwon jiki diklofenak da danginsa, ku tura ta babban asibiti a makon, ko Dutse, ko Birnin Kudu, ko Asibitin Malam Aminu Kano.

A nan wata dattijuwar ungozoma ta tambaya ko mai wannan cuta tana iya haihuwa.

Tana iyawa, Inna, kuma da yawa suna haihuwa lafiya. Abin so shi ne cutar ta lafa kamar wata shida kafin a ɗauki cikin. Haidroksikulorokwin ana ci gaba da shi har lokacin shayarwa. Metotireksat, wanda muke ba wasu don gaɓoɓi, shi ne ba ya haɗuwa da ciki ko kaɗan, sai an daina shi tun kafin. Kuma in kin ga mace tana yawan ɓari, ga ciwon gaɓa, ki turo ta, akwai gwajin jini na musamman da ake yi. Haihuwar irin wannan a asibiti za a yi ta.

Wani mai unguwa ya ce a garinsu duk gwiwar da ta kumbura wajen wanzami ake kai ta a yi sakiya.

Allah ya ja zamaninka, ka taimake mu ka hana wannan. Gaɓa guda ɗaya da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ga mutum yana shan maganin da ke rage garkuwar jiki, muna ɗaukar ta a matsayin ƙwayar cuta ce ta shiga har sai gwaji ya nuna ba haka ba, domin tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Mu ma zuƙe ruwan muke yi, amma da allura mai tsabta, sikanin na nuna mana inda bakinta yake, sannan a kai ruwan ɗakin gwaji a ga ko mugunya ce. A kawo ta a ranar, ko da dare ne.