Na Daina Yanke Wa Mutane Ranar Zuwa Kallon Furen Sakura

Assalamu alaikum, jama'a. Ina yi muku magana ne daga lambun Maruyama da ke birnin Kiyoto, kuma abin da ya fito da ni cikin sanyin safiyar nan shi ne wani saƙo da na tashi na tarar a wayata. Wata baiwar Allah ce take so in faɗa mata takamaimiyar ranar da za ta iso Japan domin ta riski furen sakura, wato furen bishiyar ceri da ke fitowa bayan hunturu. Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan faɗa ba, domin sau biyu ina yanke wa mutane rana, sau biyun kuma ina shan kunya.

Na farko a 2023 ne. Yayana yakan zo sayen kayan gyaran mota, sai na ce masa ya daidaita tafiyarsa ya iso ranar 8 ga Afrilu, tunda abin da na ji daga waɗanda na tarar a nan ke nan. Ashe furen ya gama cika tun ranar 25 ga Maris. Ya biya kusan yen 14,000 a jirgin ƙasa mai gudu daga Tokiyo, ga azumi a bakinsa, na kawo shi daidai inda nake tsaye ɗin nan, muka tarar da koren ganye a sama da busasshen fure a bakin kwata. Ya dubi bishiyar, ya dube ni, ya ce, "Ƙanena, dogonyaro ka kira ni in gani?" Har yau da wannan maganar ake tsokanata a gida.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da shekara ta zagayo, wani abokina da ke karatu a Malesiya ya nemi shawara, na ce masa ya zo ranar 20 ga Maris kada ya makara. A 2024 kuwa sai ranar 29 ga Maris aka sanar da buɗewar furen a Tokiyo, shi kuma ya riga ya koma, bai ga komai ba sai rassa da toho.

Haushin wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin lamarin, kuma abin da na gano ya ba ni mamaki. Mutanen Kiyoto suna rubuta ranakun bikin kallon fure a littattafan fada da na gidajen ibada tun shekarar 812, wani malamin jami'a a Osaka mai suna Yasuyuki Aono kuma ya tattara su wuri guda. Ƙarnuka da dama furen yana cika ne a tsakiyar Afrilu, amma yanzu ya dawo farkon watan, har a 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, ya karya tarihin da ke tsaye tun 1409. Ɗumamar duniya ce babban dalili, zafin siminti da kwaltan birni kuma yana ƙara tasa gudummawar. Ina alfahari da zama a garin da ya riƙe irin wannan lissafi sama da shekara 1,200, ko da yake lissafin nan ne ya tona asirin jahilcina.

To, idan furen gaba yake matsowa, me ya sa ya makara a 2024? A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da ni. Bishiyar tana haɗa tohon furenta tun lokacin zafi, sannan ta kwanta barci, kuma sai sanyi mai tsanani ya ratsa ta kafin ta farka ta amsa ɗumin da zai biyo baya. Idan hunturu ya zo da sauƙi, farkawar takan yi jinkiri, idan kuma Maris ya zo da sanyi, kamar yadda ya faru a shekarar, sai jinkirin ya ƙaru. A kudancin ƙasar, wajen Kagoshima, rashin isasshen sanyin yana sa furen ya fito a rarrabe, wani reshe ya yi huda wani bai motsa ba. Abin ya tuna mini da gonar mahaifinmu, inda a yanzu ruwan farko yakan sauka a yi shuka, sannan sama ta ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara matse lokacin. Mafi yawan bishiyoyin da kuke gani a hotuna nau'in Somei Yoshino ne, kuma dukkansu 'yan aure ne kamar mangoron lambu, tushensu ɗaya, saboda haka tare suke buɗewa, tare suke zubewa. Hukumar yanayi ta ƙasar tana da bishiya guda da take dubawa a wurin ibadar Yasukuni a Tokiyo, kuma da fure biyar ko shida sun buɗe sai ta sanar cewa lokaci ya yi a birnin. Daga nan kamar mako guda ne zuwa cika, wani makon kuma iska da ruwan sama su kwashe komai.

Saboda haka, Hajiya, kada ki sayi tikitin da ba a iya sauya ranarsa, kuma kada ki ɗora kuɗinki a kan hasashen da ake fitarwa tun Janairu. Masauki yana tsada ƙwarai a makonnin nan, don haka ki kama wanda za ki iya sokewa ba tare da asara ba. Idan kin makara, ki hau jirgin ƙasa ki yi arewa, domin a Hirosaki sai wajen ƙarshen Afrilu furen yake cika, tsibirin Hokkaido kuma yana biye da ita. A nan Kiyoto ma akwai gajerun bishiyoyin gidan ibadar Ninna-ji da ke jinkirtawa, waɗanda da na san da su a 2023 da ban ji maganar dogonyaro ba.

Wannan babbar bishiyar mai rassa a sunkuye da ke bayana ko alamar ja ba ta nuna ba tukuna. Yaya ya ce bana ba zai taka filin jirgi ba sai na aika masa hoton fure da kwanan wata a jiki, saboda haka gobe ma da safe a nan za ku same ni.